Yadda Ake Shirya Zaman Fahimtar Juna Tsakanin Musulmi da Kirista a Unguwa

Duk wanda ya taso daga Ƙofar Doka ya ratsa Tudun Wada zuwa kasuwar Sabon Gari, ko ya kwana yana jinyar ɗan'uwansa a asibitin Shika, ya san cewa Musulmi da Kirista a Zariya suna cuɗanya tun daga safe har dare. Suna ciniki tare, suna zama aji ɗaya a Samaru da Kongo, suna bin layi ɗaya a gidan mai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a zauna a natse, ɗaya ya tambayi ɗaya abin da addininsa ya ce game da darajar ɗan Adam da haƙƙin maƙwabci, ya kuma saurari amsar har ƙarshenta. Rashin wannan zama shi ke sa duk lokacin da wata fitina ta taso a wani gari, maƙwabtan da suka shekara 20 katanga ɗaya sai su fara kallon juna da zargi, domin kowa abin da ya sani game da addinin ɗan'uwansa daga bakin wani ya ji shi. Shirya irin wannan zama ba ya buƙatar kuɗi mai yawa ko rajistar ƙungiya, amma yana da hanyar da ake bi, kuma na ga yadda yake rushewa idan aka kauce mata.

Kafin ka gayyaci kowa, ka fara daidaita manufarka har ka iya faɗinta a jimla ɗaya. Mutanen Zariya sun san wa'azi, sun kuma san muƙabala, inda ake jera littattafai a kan tebur, kowane ɓangare yana neman ƙure ɗaya. Idan suka ji an ce za a haɗa malamai da fastoci, ɗaya daga cikin waɗannan biyu za su zata, ko kuma na uku wanda ya fi su tayar da hankali, wato cakuɗa addinai a mayar da su abu ɗaya. Saboda haka ka bayyana tun a wajen gayyata cewa kowa zai zo da addininsa ya koma da shi cikakke, kuma abin da ake nema shi ne a gano inda koyarwar addinan ta haɗu a kan mutuntaka, a kuma san inda ta rabu domin a daina yi wa juna ƙage. Duk wanda ka lura wannan bayani bai gamsar da shi ba, ka ƙyale shi cikin mutunci, domin wataƙila zai zo da kansa daga baya idan ya ga yadda abin ke tafiya.

Daga nan sai ka bi ta ƙofa. Ka je ka gaida mai unguwa, ka sanar da limamin masallacin unguwar da faston cocin da ke kusa, ka nemi shawararsu a kan mutanen da suka dace. Kada a wuce mutum 10 ko 12, rabi daga kowane ɓangare, kuma a fifita masu haƙuri da sauraro a kan masu kaifin baki. Malamin makarantar allo mai sanyin hali ya fi amfani a nan a kan matashin da ya haddace amsoshin jayayya daga bidiyon intanet. Mata su ma suna da buƙatar irin wannan zama, har ma sun fi maza sanin halin maƙwabtaka, kuma a yawancin unguwanninmu zai fi sauƙi su yi nasu a cikin gida, wata dattijuwa da ake jin maganarta ta jagorance su.

A farko kada a zauna a masallaci ko a coci. Zauren wani dattijo ko ajin makarantar firamare bayan an tashi ya wadatar. Asabar bayan La'asar ita ce ta fi dacewa, a tashi kafin Magariba, tunda Juma'a da Lahadi kowa yana da hidimarsa. Abin taɓawa ya zama mai sauƙi, kamar kunun zaƙi da ƙosai, domin kada maganar yanka ta sa wani ya janye hannunsa, mai gida ya ji nauyi.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne jeren batutuwa, kuma a nan ne na yi kuskure a karon farko da na gwada. Mun zauna a wani zaure, mu 9, an gaisa, an sha ruwa, sai na ce kowa yana iya yin tambayar da ke ransa. Wani matashi ya dubi dattijon Kiristan da ke gefensa ya ce, "Baba, don Allah yaya za a ce an gicciye wanda kuke kira Ubangiji?" Dattijon ya ajiye kofinsa a kan tabarma, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, ashe jarrabawa aka kira ni." Matashin bai yi nufin cin fuska ba, tambayar ta daɗe tana damunsa ne, amma daga wannan lokaci kowa ya koma kare gidansa, kuma mutum 3 ba su sake dawowa ba. Laifin nawa ne, domin na buɗe ƙofar da ta fi kowace nauyi alhali mutanen ko sunayen juna ba su gama riƙewa ba.

Saboda haka zaman farko ya tsaya a kan asalin ɗan Adam da darajarsa, inda littattafan suka fi kusa da juna. Musulmi ya karanta aya ta 13 a Suratul Hujurat, inda Allah ya ce ya halicci mutane daga namiji da mace, ya sanya su al'ummomi da ƙabilu domin su san juna, sannan ya ƙara da aya ta 70 a Suratul Isra'i, wadda ta ce an karrama 'yan Adam, ba tare da ta ware wata ƙabila ko wani jinsi ba. Kirista ya karanta Farawa 1:27 a kan halittar mutum, da Ayyukan Manzanni 17:26, inda Bulus ya shaida wa mutanen Atina cewa daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai. A kawo hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa an wuce da gawa sai Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai gawar Bayahude ce sai ya ce, "Shin ba rai ba ne?" A kuma ambaci aya ta 32 a Suratul Ma'ida, cewa wanda ya kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane duka ne, wanda ya raya shi kuma kamar ya raya su duka. Ayar da kanta ta ce an wajabta wa Bani Isra'ila wannan hukunci, kuma har yau ana samun irin wannan magana a Mishna, littafin dokokin malaman Yahudawa. Idan mutane suka ji haka da kunnensu, sai ka ga zaman ya saki, domin kowa ya gane cewa ɗan'uwansa ma an hore shi da ganin girman rai.

Zama na biyu ya ɗauki ƙa'idar so wa wani abin da kake so wa kanka. Duk wanda ya yi Islamiyya ya san hadisi na 13 a Arba'una Hadisi, cewa imanin ɗayanku ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Duk wanda ya yi makarantar Lahadi kuma ya san Matiyu 7:12, da kuma Markus 12:29-31, inda Yesu ya haɗa ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci ya ce babu dokar da ta fi su girma. A nan ne ya dace mai jagoranci ya faɗaɗa fagen ya leƙa addinan da babu mabiyansu a zauren. Hilel, wani babban malamin Yahudawa da ya rayu gab da zamanin Annabi Isa, ya taƙaita Attaura da cewa abin da kake ƙi kada ka yi wa ɗan'uwanka. Konfushiyas na ƙasar Sin, kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce abin da ba ka so a yi maka kada ka ɗora wa wani. A koyarwar Buda kuwa an ce kowane mai rai yana tsoron duka, yana tsoron mutuwa, don haka mutum ya auna da kansa, kada ya kashe, kada ya sa a kashe.

Na ga amfanin kawo waɗannan misalai na nesa, domin suna tayar da tambayar da ita ce zuciyar al'amarin: me ya sa mutanen da teku da ƙarnoni suka raba suka iso ga magana ɗaya? Musulmi zai ce wannan ita ce fiɗirar da Allah ya halicci mutane a kanta, kuma babu al'ummar da ba a aika mata mai gargaɗi ba. Kirista zai kawo Romawa 2:14-15, inda aka ce al'umman da ba su da Shari'ar Musa suna da ita a rubuce a zukatansu, lamirinsu yana shaida. Amsoshin biyu sun yarda cewa sanin nagarta da mugunta yana da tushe a cikin halittar mutum, kuma a kan wannan tushe ne ake iya gina zaman tare. Sai dai mai jagoranci ya kiyaye kada zumuɗi ya kai shi ga cewa duk addinai abu ɗaya suke faɗa. Koyarwar Buda ba a gina ta a kan Mahalicci ba, Konfushiyas kuma bai yi da'awar wahayi ba, kuma akwai tazara tsakanin a ce kada ka cuci wani da a ce ka tashi ka yi masa alheri. Faɗin wannan bambanci yana ƙara wa zaman amana, domin mahalarta za su ga cewa ba a lanƙwasa gaskiya don a faranta musu.

A zama na uku ina ba da shawarar a ɗauki abubuwa 5 da malaman usulu, wato masana tushen fiƙihu, suka ce shari'a ta zo domin ta kare su, wato addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Imam Gazali ya zayyana su, Imam Shaɗibi, wanda Bamalike ne kamar yawancin malamanmu, ya faɗaɗa bayaninsu, kuma dukansu sun ce babu wata shari'a da ta taɓa zuwa ba tare da ta kula da su ba. Wannan magana tana da nauyi a wurin ɗalibin zaure, domin tana nuna masa cewa neman tushen da aka yi tarayya a kansa yana da asali a cikin littattafan da ya gada. Sai a ajiye su gefe da gefe da Dokoki Goma na Fitowa sura 20, da ayoyi na 151 zuwa 153 na Suratul An'am, a bar mahalarta su gano da kansu inda aka hana kisa da zina da cin dukiyar wani da ƙarya a wajen shaida, da inda aka yi umarni da kyautata wa iyaye. Daga nan a sauko gida a tambayi kowa wane ne Bahaushe ke kira mutumin kirki. Za a ji an ambaci gaskiya da amana da haƙuri da kunya da karamci, kuma za a tarar cewa Musulmin Birni da Kiristan Wusasa da Bamagujen ƙauye duk da wannan ma'auni suke auna mutum.

Akwai ladubban karatu da ya kamata a amince da su tun ranar farko. Kowa shi ke karanta littafinsa, shi ke fassara shi, ɗaya ɓangaren kuma nasa sauraro da tambayar neman ƙarin bayani. Kada Musulmi ya ɗauko Littafi Mai Tsarki ya ce ga abin da yake nufi, kada Kirista ya yi haka da Alƙur'ani. Bayan mai bayani ya gama, wani daga ɗaya ɓangaren ya maimaita abin da ya fahimta da kalmominsa, har sai mai bayanin ya ce, "Haka nake nufi." Wannan ɗan aiki yana cin lokaci, amma shi ke tono rashin fahimtar da ke ɓoye. Domin kauce wa matsalar taɓa Mus'hafi ba da alwala ba, a rubuto ma'anar ayoyin da Hausa a takarda, a kuma tattara takardun bayan an tashi kada su zube a ƙasa. Akwai tarjamar Shaikh Abubakar Mahmud Gumi a hannun mutane da yawa, Littafi Mai Tsarki kuma an buga shi cikakke da Hausa tun 1932, aikin da Dakta Walter Miller, wanda ya daɗe a Zariya, ya taka babbar rawa a cikinsa.

Yin zaman da Hausa yana da daɗi, amma yana da tarko, kuma wannan wuri ne da ya cancanci a tsaya a kai. Musulmi da Kirista Hausawa suna amfani da kalmomi iri ɗaya, kamar Allah da Ubangiji da annabi da zunubi da azumi, sai kowa ya ɗauka abin da yake nufi shi ɗan'uwansa ke nufi. Idan Musulmi ya ce ceto, yana maganar roƙon da Annabi (SAW) zai yi wa al'umma ranar hisabi da izinin Allah. Idan Kirista ya ce ceto, yana nufin kuɓuta daga zunubi ta wurin mutuwar Almasihu da tashinsa. Ruhu Mai Tsarki a wurin Musulmi shi ne Mala'ika Jibrilu, a wurin Kirista kuwa ɗaya ne daga cikin Triniti, wato aƙidar Allah ɗaya cikin uku: Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na taɓa ganin mutum biyu suna gyaɗa wa juna kai kusan rabin sa'a a kan kalmar ceto, kowa yana murna an yarda da shi, sai da wata tambaya ta gefe ta nuna cewa kowa da inda ya dosa. Aikin mai jagoranci ne ya dakatar da magana a irin wannan wuri ya ce, "Allah gafarta Malam, me kake nufi da wannan kalma? Fasto, kai kuma fa?"

Sai an yi zama 4 ko 5, mutane sun san juna har suna tambayar lafiyar iyali da suna, sannan a zo kan manyan bambance-bambance, kuma dole ne a zo kansu, domin zaman da ya ɓoye su ba zai daɗe ba. Tauhidi da Triniti, matsayin Annabi Isa, maganar gicciye wadda aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta kore kuma Kirista ya ɗauke ta ginshiƙin bangaskiyarsa, da annabcin Annabi Muhammadu (SAW), duk abubuwa ne da babu zauren da zai sulhunta su. Abin da ake nema kawai shi ne kowa ya faɗi abin da ya gaskata da bakinsa, ɗaya ya ji shi daidai. Kowane ɓangare yana da umarni a kan yadda zai yi wannan magana. Aya ta 46 a Suratul Ankabut ta hana jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanyar da ta fi kyau, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, 1 Bitrus 3:15-16 kuma ta ce a ba da amsa cikin tawali'u da girmamawa. Yana da kyau a tuna da hijirar Musulmi zuwa Habasha, lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi, sarki Kirista, ya karanta Suratu Maryam, ya faɗi aƙidar Musulunci game da Annabi Isa ba tare da ya rage komai ba, sarkin kuma ya ba su mafaka.

Idan wani ya ce wannan aiki baƙon abu ne da manyan malamai ba su sani ba, akwai abin da za a nuna masa. A 1965 Cocin Katolika ta fitar da sanarwar Nostra Aetate, wadda ta yi maganar Musulmi da girmamawa. A 2007 malaman Musulunci 138 suka aika wa shugabannin Kirista wasiƙa wadda suka ɗauko sunanta daga aya ta 64 a Suratu Ali Imrana, suka gina ta a kan son Allah da son maƙwabci. Ranar 4 ga Fabrairu 2019 kuma Paparoma Francis da Shaihul Azhar Ahmad al-Ɗayyib suka sa hannu a takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dabi.

Wata rana maganar tsofaffin raunuka za ta taso, ko an shirya ko ba a shirya ba. Akwai dattawa a Zariya da ba su manta rikicin Maris 1987 ba, wanda ya faro daga Kafanchan ya iso har nan, akwai kuma waɗanda suka rasa 'yan'uwa ko shaguna a tarzomar da ta biyo bayan zaɓen 2011. Idan mutum ya fara ba da labarin abin da ya same shi, a bar shi ya kai ƙarshe, a yi masa jaje kamar yadda ake yi wa kowane mai rashi, kuma kada a bari wani ya amsa da cewa ai mu ma an kashe mana. Nasa labarin yana da ranarsa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna sun kasance a ɓangarori biyu masu gaba a rikicin 1992, inda Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, amma daga baya suka haɗu suka kafa cibiyar sasanci da ta yi aiki a wurare da dama. Labarinsu yana taimaka wa mai ciwo ya ga cewa ba a neman ya manta abin da ya faru kafin ya zauna da maƙwabcinsa.

Karatun yana buƙatar aikin hannu da zai tabbatar da shi. Mahalarta su riƙa zuwa ta'aziyya da barka tare, su haɗu a yashe magudanar ruwan unguwa kafin damina, wanda ke da lafiya ya ba da jini idan an nema. Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne a yi musayar lambobin waya, a ɗauki alkawari cewa duk wanda ya sami saƙon WhatsApp da ke cewa an ƙona masallaci ko an kai hari coci, zai fara kiran abokinsa na ɗaya ɓangaren ya bincika kafin ya tura wa kowa. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Ya daɗe yana zaune tare da Kiristocin yankin tun kafin ranar, kuma irin wannan sanayya ce zaman unguwa yake ginawa sannu a hankali.

Wajen rufe kowane zama, kada a ƙirƙiro wata addu'ar haɗin gwiwa, domin ita ce hanya mafi sauri ta farfaɗo da zargin cakuɗa addini. Wani daga ɓangare ɗaya ya buɗe da tasa addu'ar, sauran su yi shiru cikin ladabi, wani daga ɗaya ɓangaren ya rufe, a mako mai zuwa kuma a juya. Kada a ɗauki hoto ko murya sai kowa ya yarda, kuma abin da mutum ya faɗa game da kansa ya tsaya a zauren. Kafin a naɗe tabarma a tsayar da ranar zama na gaba da batunsa, a faɗi wanda zai kawo ayoyi daga kowane ɓangare, a kuma sauya gidan da za a zauna, ta yadda wanda ya karɓi baƙi a wannan karo shi zai cire takalmi a ƙofar maƙwabcinsa a karo na gaba.